IN SULHU YA FASKARA: WA ZAI BIYA HAYA, WA ZAI BIYA MAKARANTA?

Wata Talata da yamma, bayan an tashi daga Zumuntar Mata a wata majami'a da ke wajen Kawo, wata 'yar'uwa ta ƙi tashi daga benci har sai da kowa ya watse. Da ta ga saura ita da matar Fasto, sai ta jawo wata baƙar leda daga jakarta ta zazzage a cinya. Katin gayyatar bikinta ne, da hotuna huɗu, da takardun baftismar 'ya'yanta uku. Ta ce, "Mama, shekara 19 na yi a gidan nan, ga abin da na fito da shi." Dattawan ikkilisiya sun zauna a kan maganarsu sau biyar, iyaye sun zo daga ƙauye sun koma, an yi azumi an yi addu'a, ɓarakar ba ta ɗinku ba. Gidan da suka gina a Mando, ita ta san kwasar adashi nawa ta zuba a bulo da kwano daga cinikin abincin da take yi, amma takardar filin sunan maigidan kaɗai ke jiki, kuma ko rasit ɗaya na siminti ba ta ajiye ba. Matar Fasto ta tambaye ta, "'Yata, auren naku an yi masa rajista kuwa?" Ta ce ai a coci aka ɗaura, da zobe da farar riga.

Matar Faston ce ta ba ni wannan labari ba tare da ta faɗi suna ba, kuma wannan amsa ta ƙarshe ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Na san akwai mai karatun da zai ɗaure fuska ya ce me ya kawo zancen kashe aure a shafin ikkilisiya. To, ɗan'uwa, matsayin ikkilisiya bai sake ba. Abin da Ubangiji ya koyar a Matiyu sura 19 yana nan daram, kuma aikin Fasto da dattawa na farko da na biyu da na goma shi ne sulhu. Amma wanda ya taɓa zama a majalisar dattawa ya san akwai auren da ke mutuwa a hannunmu muna ji muna gani. In hakan ta faru mukan yi addu'ar rufewa mu watse, mu bar mace da yara su je su ji da mai gidan haya. A Farawa sura 21, ranar da Ibrahim ya sallami Hajaratu da ɗanta, guzurin da ya ba su gurasa ce da salkar ruwa, kuma kowa ya san ruwan bai kai su ko'ina ba, sai da Allah ya dube su. Yawancin sallamar da muke gani a garin nan ko salkar babu. Manzo Bulus kuwa, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti sura 5, ya tsananta magana a kan wanda ya ƙi kula da iyalinsa, bai kuma cire wanda ya ɓata da uwar 'ya'yansa ba.

Tambayar matar Fasto ita ce ƙofar komai, domin irin auren da aka ɗaura shi ke nuna kotun da za a je da kuma abin da mutum zai iya nema. A wurin hukuma, auren Kirista a ƙasar nan iri biyu ne. Akwai auren doka, wanda ake kai sanarwarsa ofishin rajistar aure, a manna ta kwana 21, magatakarda ya ba da takardar izini, sannan a ɗaura ko dai a ofishinsa ko a majami'ar da ke da lasin ɗaura aure, a gaban shaidu biyu, a kuma ba ma'aurata satifiket na gwamnati. Akwai kuma auren gargajiya, wanda iyaye suka karɓi dukiyar aure suka ba da 'yarsu. Inda mutanenmu ke ruɗewa shi ne, da yawa sun yi na gargajiya a ƙauye, suka zo majami'a Fasto ya sa albarka, aka yanka kek, aka ba su kati mai hatimin ikkilisiya, amma ba wanda ya taka ofishin rajista. Sau da yawa kotu kan ɗauki irin wannan a matsayin auren gargajiya da aka sa wa albarka, kome kyan zoben. Saboda haka kafin a yi zancen ko sisi, a buɗe akwati a fito da takardar a nuna wa lauya.

In auren gargajiya ne, maganar tana hannun dangi da Kotun Gargajiya. Waɗannan kotuna sun samu ne a jihar nan a 2001, lokacin da gwamnatin Ahmed Makarfi ta rushe Kotunan Yanki bayan rikicin 2000, ta kafa Kotunan Shari'a ga Musulmi da na Gargajiya ga waɗanda ke bin al'adunsu. Alƙali a can zai duba al'adar da aka ɗaura auren a kanta, ta Bajju ce ko ta Atyap ko ta Gbagyi ko ta Adara, kuma a yawancin al'adunmu mayar da dukiyar aure shi ke warware igiya. Al'ada ba ta saba ɗora wa miji ciyar da matar da ya rabu da ita ba. Wato mace tana iya fita hannu rabbana, a kuma bi mahaifinta bashi. Mace da ke cikin irin wannan aure ta san da haka tun da wuri, ta kuma tambayi iyayenta nawa aka karɓa, wa ya karɓa, an rubuta ko ba a rubuta ba. Amma a kan yara, ko a wannan kotun, abin da alƙali zai sa gaba shi ne alherin yaro.

In kuwa auren doka ne, ko da an fara da na gargajiya, ba Fasto, ba mai unguwa, ba taron dangi da ke iya kashe shi. Babbar Kotun Jiha ce kaɗai, wadda ke titin Bida a nan arewacin kogi, a ƙarƙashin Dokar Shari'un Aure ta 1970. Dokar ta san dalili guda ne tak, wato aure ya lalace yadda ba zai gyaru ba, sai dai ta jera hanyoyin tabbatar da haka a sashe na 15. A ciki akwai zina da ɗayan ya kasa jurewa, da mugun halin da ba za a iya zama da shi ba, da ƙaurace wa abokin zama na shekara guda, da zama dabam-dabam na shekara 2 in ɗayan bai ƙi rabuwar ba, ko na shekara 3 ko ya yarda ko bai yarda ba. Auren da bai cika shekara 2 ba, sai da izinin kotu na musamman. Abin da zai faranta wa dattawanmu rai shi ne, dokar kanta ta ɗora wa alƙali ya nemi sulhu, yana ma iya ɗage shari'a domin a koma a sasanta. Ko an yanke hukunci, na wucin gadi ne, sai bayan wata 3 ya tabbata, kuma in akwai yara 'yan ƙasa da shekara 16, kotu sai ta gamsu da tanadin da aka yi musu. Duk wannan lokaci ne, lokaci kuma kuɗi ne: kuɗin lauya, kuɗin shigar da ƙara, kuɗin mota duk ranar zama, da ranakun da aka rufe shago aka je aka tarar an ɗage.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Finafinan Amurka sun cusa wa mutane cewa in an rabu raba dukiya ake yi biyu. Maza na jin tsoron wannan har suna ɓoye fili da sunan ƙanensu, mata kuma suna dogara da shi har su ƙi ajiye shaida. Dukansu sun yi kuskure. Sashe na 72 bai ce rabi ba. Cewa ya yi kotu tana iya raba kadara yadda ta ga adalci ne, kuma alƙalanmu sun daɗe suna tambayar abu ɗaya: me kika zuba, ina shaida?

Akwai wata shari'a da kowane ɗalibin lauya ya sani, ta Amadi da Nwosu, wadda ta taso daga gabashin ƙasar nan, Kotun Ƙoli ta yanke ta a 1992. Miji ya sayar da gidan da matarsa ke ciki. Mai saye ya zo karɓar gidansa, matar ta ƙi fita, ta ce da guminta a ginin, ta ba da yashi da aikin ƙarfi. Kotu ba ta ce ƙarya take yi ba. Mai Shari'a Idris Legbo Kutigi, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalai na ƙasa, ya nuna cewa kamata ya yi ta fayyace yawan abin da ta zuba da irinsa dalla-dalla, yadda kotu za ta iya auna rabonta. Da yake ba ta yi ba, gida ya tafi. A shekarun baya-bayan nan wasu hukunce-hukuncen Kotun Ɗaukaka Ƙara sun sassauta, suna duban wahalar da mace ta sha a gida, amma ban ga lauyan kirki da zai ce wa mace ta jingina rayuwarta da fatan za ta dace da alƙali mai sassauci ba.

To, mece ce shaida? Rasit na bulo da na kwano mai ɗauke da sunanki. Littafin uwar adashi da ke nuna ranar da kika kwasa. Takardar rancen da kika ci a ƙungiyar gama kai ta wurin aiki. A yau ma abin ya zo da sauƙi, tun da kuɗi ta waya ake turawa, kuma banki na iya buga bayanin asusu na shekarun baya. In za ki tura wa maigida kuɗin ƙofa da taga, rubuta a wurin bayani cewa na ginin Mando ne. Magini da birkilan da kika riƙa biya da hannunki su ma shaidu ne in suna raye. Wannan shawara ba ta masu shirin rabuwa ba ce kaɗai. Gwauruwa da dangin miji suka zo kwashe kaya ranar makoki, wannan rasit ɗin ne zai tsaya mata.

Mu da ke arewacin kogi muna da wata matsala ta daban a kan gidaje. Bayan rikicin Fabrairu da Mayu na 2000, da kuma na Nuwamban 2002, iyalai da yawa sun bar Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Shanu da wasu sassan Kawo suka ƙetare gada zuwa Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi. An sayar da gidaje cikin gaggawa, wasu an yi musanyarsu baki da baki, wasu an bar su a hannun 'yan haya, aka sayi fili a kudu da kuɗin, kuma cikin ruɗanin ba wanda ya tsaya tambayar sunan wa za a rubuta. Wasu takardun ma sun ƙone tare da ɗakunan. Yau in irin wannan aure ya mutu, sai ka ji mace na cewa filin Romi da kuɗin gidan Tudun Wada aka saya, gidan da ita ta yi wa rufi, amma zaren shaidar ya tsinke tun shekara ashirin da wani abu. Tun da aka kafa hukumar KADGIS a zamanin gwamna Nasiru El-Rufa'i aka kira masu filaye su sabunta takardunsu, magidanta da dama sun je, kuma nan ma suna ɗaya aka sa. Ana iya sa sunan miji da na mata a takardar mallaka ɗaya. Sai dai a rubuta cikakken sunan kowa. "Mista da Misis Wane" tarko ne, domin gobe wata na iya zuwa ita ma ta amsa Misis Wane.

Bari mu bar gida mu zo kan tukunya. Albashin da ke riƙe gida ɗaya da ƙyar, shi ne za a ce ya riƙe biyu. A Luka sura 14 Ubangiji ya yi misali da mai son gina hasumiya wanda ke fara zama ya yi lissafi, kuma wanda zai rushe ma yana bukatar wannan zaman. Haya a Kaduna ta shekara ake biya a dunƙule, ga kuɗin dillali, ga katifa da tukwane da risho. Makaranta zango uku ce a shekara, kuma in yaro yana karatu a Malali uwa ta koma wurin 'yar'uwarta a Barnawa, sai a zaɓa tsakanin kuɗin mota kullum da sauya makaranta da sabon yunifom. Arewacin kogin nan kuma garin bariki ne, ga hedkwatar Runduna ta Ɗaya a Kawo, ga barikin Ribadu, ga sansanin sojan sama a Mando. Gidan bariki na mai kaki ne, haka gidan ma'aikata, haka ma gidan Fasto ko na mai bishara. Matar da ke zaune a irin wannan gida ta sani cewa ranar da aure ya ƙare, makullin ba nata ba ne. Inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya tana ɗaukar ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Yaran suna iya ci gaba, amma ita sai ta nemi nata tanadin.

Sashe na 70 ya ba kotu ikon yanka kuɗin ciyarwa, ta duba samun kowa da ƙarfin neman kowa da halin da kowa ya nuna, kuma na yara yakan kai har su cika shekara 21. Amma a yi hattara da adadi. A ce an yanka naira 20,000 a wata a 2022, lokacin da farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. Da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500, mudun masara da kuɗin mota suka bi ta. Takardar kotu tana nan da hatiminta, amma abin da take saye ya zabge. Doka ta yarda a koma kotu a nemi ƙari, sai dai wata shari'ar ce da wani kuɗin. Shi ya sa ya fi kyau a raba nauyi da sunansa: uba ya biya kuɗin makaranta kai tsaye a asusun makarantar ko nawa ya zama, ya ɗauki asibiti, a kuma rubuta cewa za a sake duba kuɗin abinci kowace shekara. Wannan ya fi wa uban ma kwanciyar rai, tun da ya san inda kuɗinsa ke shiga.

Bashi kuma ba ya bin hukuncin kotu ya mutu. In kin tsaya wa maigida a rancen banki ko na ƙungiya, ko kai ka tsaya mata, sa hannun yana nan. A jera basussuka duka a takarda ɗaya, har da hannun adashin da aka kwasa ba a gama zubi ba.

A nan ne nake ganin dattawanmu za su iya yin aikin da lauya ba zai iya ba. In an tabbata zama ya ƙi, kada a tashi taro. A sake zama, wannan karon da ma'ajin ikkilisiya da biro da takarda, da wakilin dangin kowane ɓangare, da Uwar Zumunta a gefen matar domin kada kunya ta hana ta magana. A rubuta wa zai riƙe yara, yaushe ɗayan zai gan su, wa zai biya me, gidan za a sayar ne ko za a bar uwa da yara a ciki har autan ya gama sakandare. Sannan a kai wa lauya ya tsara ta, a shigar a kotu ta zama hukunci, domin yarjejeniyar da ta tsaya a ofishin Fasto ranar da aka yi wa Fasto canjin wuri ta zama labari. Shari'ar da aka shiga da yarjejeniya a hannu ta fi sauri ta fi araha. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta nemi ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, tana da reshe a Kaduna, ko ofishin jin daɗin jama'a a kan abin da ya shafi yara. Kuma ina roƙon maza 'yan'uwana, sayar da fili a ɓoye ko mayar da mota sunan aboki ana gobe shari'a, sata ce daga bakin 'ya'yanka, ko da lauya ya ba ta wani suna.

Wani abu ɗaya da ba ya jiran lissafi: in duka ake yi, a fita da rai tukuna, takardu sa biyo baya. Dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane ta 2015 ta mai da korar abokin aure daga gida da ƙarfi, da yasar da iyali ba abinci, laifi ne, Jihar Kaduna kuma ta kafa irin tata a 2018.

Saura waɗanda suka rabu shekara da shekaru amma ba su je kotu ba, ko don kunya ko don gudun horon ikkilisiya. A idon doka har gobe miji da mata ne. Namijin da ke da auren doka a wuyansa ya je ya auri wata a gargajiyance, Dokar Aure ta tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara 5, auren na biyu kuma ba shi da tushe. 'Yan'uwanmu Katolika su ma su lura, hukuncin kotun ikkilisiya cewa aure bai ɗauru ba tun asali, wanda Paparoma Francis ya sauƙaƙa hanyarsa a 2015, na ikkilisiya ne, bai ɗauke wa kowa zuwa titin Bida ba. Rikicin irin wannan zama yakan fashe ne ranar mutuwa. Mata biyu su haɗu a ofishin fansho, kowacce da yaranta, ɗaya na riƙe da satifiket ɗaya na riƙe da fom ɗin da marigayi ya rubuta sunanta a gurbin makusanci. Wannan fom ba wasiyya ba ne. A ƙarƙashin Dokar Fansho ta 2014, kamfanin fansho yana neman wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar izinin kula da gado kafin ya saki kuɗi, kuma kafin a samo ta yara sun yi zango biyu a gida.

Ita dai 'yar'uwarmu ta Kawo, da aka bincika, majami'ar da ta ɗaura musu aure ba ta taɓa karɓar takardar magatakarda ba. Amma uwar adashinsu, wata tsohuwa da ke Hayin Banki, ashe ba ta yar da littattafanta, kuma an sami sunanta a kwasa shida da kwanan watansu. Dattawa sun sa ranar sake zama bayan Ista, an kuma ce ma'aji ya zo da littafinsa.